Jirgin Madina da Irin Gyaɗar Baba

Mutanen garinmu sun san labarin yadda awaki suka cinye wa mahaifina irin gyaɗa, kuma in hira ta yi daɗi sukan ɗauko shi a yi dariya. Labarin da suka sani guntu ne. Ragowar yana wurina, na riƙe shi shekara da shekaru, kuma ba shi da daɗin faɗa.

A shekarun nan ne da komai ya yi tashin gwauron zabi, taki ya gagari talaka, shiga mota ta zama sai dole, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana. Ni kuwa na gama karatun koyarwa a Bici, na zaga Kano da takardu a ambulan har dunduniyar takalmina ta cinye, ban samu komai ba. Na dawo ƙauyenmu da ke gefen Bagwai ina zaman kashe wando, gemu ya fito, shekara ashirin da bakwai a duniya. Noma kuma a raina ina ganin na wuce shi. Ban taɓa faɗa da baki ba, amma kowa a gida ya gani a yadda nake riƙe fartanya, kamar an ba ni ajiyarta.

Abin da na dawo da shi daga makaranta, bayan takardar da ba ta ciyar da kowa ba, shi ne wata tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya, murfinta ɗaure da salatif. Wani abokin karatuna ya zuba min wani abu a cikinta wanda ake koyon tuƙin jirgin sama da shi. In ka kunna sai ka ga kanka zaune a kujerar matuƙi, ga agoguna birjik a gabanka, ga taga, ga titin jirgi ya miƙe. Kai za ka tayar da inji, kai za ka nemi izinin tashi, kai za ka ɗaga jirgin, kai za ka sauke shi. In wani ya kira shi wasa a gabana sai raina ya ɓaci. Wasa? Ni da na haddace madannai sama da talatin, na cika littafi guda da rubutun yadda ake saukowa?

Garinmu ba wuta. Sai in kai kwamfutar bakin titi wurin mai cajin waya da hasken rana, ta wuni a can, in ɗauko ta da yamma. Batirin ya tsufa, in ya cika tam bai wuce ya yi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Wannan ya sa doguwar tafiya ta fi ƙarfina, sai na nemi gajeriya na samu: daga Jidda zuwa Madina. Kullum ita nake yi. Kuma wallahi sau nawa na yi ta, ban taɓa sauka yadda ya kamata ba. Wata rana in zo da gudun tsiya in wuce ƙarshen titi, wata rana in buga tayoyi da ƙasa jirgin ya yi tsalle kamar ɗan maraƙi, wata rana kuma ina hango titin sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, batir ya mutu. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Duniya ta hana ni aiki, na ce to wannan ɗaya dai sai na iya shi.

Akwai madanni guda da in ka taɓa shi komai zai tsaya cak, jirgi ya rataye a sama, ka je ka yi uzurinka ka dawo. Ni na kafa wa kaina doka cewa ba zan taɓa shi ba, wai matuƙi na gaskiya ba ya tsayar da jirgi a sararin sama. Babu wanda ya sa ni. Ni na yi dokar, ni kaɗai na san da ita, kuma ina alfahari da ita kamar wata ibada.

Baba kuwa manomi ne da ake kwatance da shi. Ba shi da gona mai yawa, don a wajenmu gona tana manne da gona, gida yana kallon gida, ba inda mutum zai faɗaɗa. Abin da aka san shi da shi kula ne. Bai taɓa rasa iri ba. Yana da wata gyaɗa ja 'yar ƙarama mai saurin nuna, wadda ya gada wurin mahaifinsa, duk shekara sai ya ware mafi kyau ya ɗinke a buhu ya rataye a ɗakinsa. A wannan bazarar da yunwa ta matsa, gidaje da dama sun cinye irinsu. Mu ma akwai ranar da Inna, mahaifiyata, ta ce ya bari ta ɗebi ko gwangwani biyu ta daka a miya, don miyar ta zama ruwa zalla. Ya ce mata, "Ki yi haƙuri. Wannan ba abinci ba ne, baɗi ce." Haka muka sha miyar lami, buhu yana rataye a kanmu. A majalisa in ana zancen wanda ya cinye iri, sai a ce ai ban da gidan wane, ana nufin Baba. Na san yana jin daɗin hakan, kuma kusan shi ke nan abin da ya rage masa na taƙama.

Da hadari ya fara haɗuwa, sai aka sauko da buhun, muka zauna kwana uku muna ɓare gyaɗar da hannu, Baba yana tsince masu tabo yana warewa. Na ce muka, amma gaskiya ni 'yar kaɗan na ɓare na ce yatsuna sun yi ciwo.

Ruwan shuka ya sauko wata Laraba bayan la'asar, ruwa mai ƙarfi da iska. Rufin ɗakin Baba ya yi yoyo daidai inda aka jingine buhun, ya jiƙa shi sharkaf. Ɓararriyar gyaɗa in ta jiƙa aka bar ta a ƙunshe, fumfuna za ta yi, don haka dole a shanya ta washegari. Washegarin kuma ranar shukar gero ce, ranar da ba mai lafiyar da ke zama a gida. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mata tsofaffi da yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Danshin farko ba ya jiran kowa.

Ni kuwa tun kafin ruwan na ɗauko kwamfutata cike da caji. Da aka idar da sallar asuba Baba ya ce in ɗauko sungumi. Sai na dafe kai na ce zazzaɓi nake ji. Ƙarya ce tsagwaronta, lafiyata ƙalau. Ya dube ni, ya ɗora bayan hannunsa a goshina, ya ɗan jima, sannan ya ce, "To Allah ya sawwaƙe. Ka zauna. Dama ana buƙatar mai tsaron iri."

Da kansa ya shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gida, ya juye gyaɗar ya baje ta da tafin hannu, a hankali. Ya ce, "Ba aiki ba ne mai wuya. Ka zauna a inuwa ka sa ido. Ba a yi shelar ɗaure dabbobi ba tukuna, awakin gari suna sake." Inna ta ɗaura ƙwaryar gero a ka, ta juyo daga bakin zaure ta ce, "Ka danne ƙyauren nan da dutse, ka san ba ya kamawa." Na ce to. Suka fita.

Na tura ƙyauren da ƙafa, na ga ya rufu, na ce ya isa. Dutsen yana nan gefe, taku biyu, ban sunkuya na ɗauka ba. Na fara zama a inuwa kamar yadda aka ce, sai hasken rana ya hana ni ganin fuskar kwamfutar sosai. Na ce bari in shiga ɗaki in bar ƙofa a buɗe, ai ina hango tabarmin. Da na shiga, hasken ƙofar ma ya dame ni, sai na juya mata baya. Na toshe kunnuwana da iyafis, 'yar igiyar nan ta jin sautin kwamfutar.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar ranar ta yi daɗi. Injina biyu suka tashi da wannan kukan da nake so, na bi layi a hankali har bakin titi, muryar mutumin hasumiya ta ba ni izini da Turanci, na tura wuta. Jirgin ya ɗaga ba ko girgiza. Teku ya bayyana a hagu, shuɗi, na karkata na bar shi a baya, sai hamada ta buɗe. Rairayi ja-ja-ja iya ganinka, babu bishiya, babu gona, babu rijiya, babu wanda zai tambaye ka ina maganar aiki ta kwana. Can gaba duwatsu baƙaƙe suka fara fitowa. Ina zaune a kan tabarmar kaba cikin ɗakin ƙasa, cikina ba komai sai kokon safe, amma ji nake ni wani ne. Har gyara zama nake ina magana ni kaɗai, ina yi wa fasinjojin da babu su albishir cewa yanayi yana da kyau.

Na fara saukowa a kan lokaci, abin da ban saba ba. Na rage wuta, na saki fikafikan rage gudu mataki-mataki, na duba batir na ga zai kai. Yau ce, na ce wa kaina, yau ce.

A nan ne na ji. Wannan ne wurin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ko Inna ta ɗauka iyafis ne ya hana ni ji. Na ji. Ƙyaure ya yi ƙara, sannan na ji kukan ɗan akuya siriri, sannan wani ɗan ƙwas-ƙwas a kan tabarma. Har na zare iyafis na kunne ɗaya. Na san ko mene ne, ba wai ban gane ba. Yatsana yana kusa da madannin tsayarwa, ɗan taɓawa kawai, in fita in kore su in dawo in tarar da jirgina inda na bar shi. Sai na ce a raina akuya ɗaya ce, me za ta ci a minti biyar? Ga titin Madina can ya fito, siriri, fitilunsa suna ƙyalli. Na mayar da iyafis ɗin kunnena, na ƙara murya.

Ba minti biyar ba ne. Saukowa daga inda nake tana cin kusan sulusin awa, kuma na fi kowa sanin haka, a littafina na rubuta.

Na sauke tayoyi. Na daidaita hancin jirgin da tsakiyar titi, na riƙe gudun daidai, na ɗan ɗaga hancin a ƙarshe. Tayoyin suka taɓa ƙasa lallausan taɓawa, ko tsalle babu. Kai! Na daka tsalle ni kaɗai a ɗaki na yi kabbara. Kuma don tsabar rashin hankali ban fita nan take ba, sai da na ja jirgin har wurin tsayawa, na kashe injina ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi.

Da na fito, tsakar gidanmu cike take da awaki da tumaki, na maƙwabta da waɗanda ban ma san na waye ba. Sun yi dafifi a kan tabarmin, wasu sun ƙoshi har sun koma gefe. Na ɗauki muciya na bi su ina ihu ina zagi kamar mahaukaci, suka yi waje suna ture juna. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, shi ma an tattake shi cikin laka, an yi masa fitsari da kashi. Na durƙusa ina tsinta ɗaya-ɗaya. Duk abin da na tara bai cika ƙaramin kwanon sha ba.

A haka suka dawo suka same ni wajen azahar, ƙafafunsu duk taɓo. Inna ta saki salati, ƙwarya ta faɗi daga kanta. Ta dubi tabarmi, ta dubi dutsen da ke zaune inda ta bar shi, ta dubi igiyar iyafis da ke rataye a wuyana, na manta ban cire ba. Ta ce, "Zazzaɓin ke nan? Zazzaɓin ke nan, ɗan nan? Miyar lami muka sha wata biyu saboda wannan gyaɗar!" Ta fashe da kuka. Da ma ta ɗauki muciyar ta rafka min, da na fi samun sauƙi.

Baba ya jingine sungumi a bango. Ya tsuguna ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga laka ya goge ta a rigarsa ya duba, ya jefa a kwanon. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Me kake yi a ɗakin?"

Na ce, "Jirgin nan ne, Baba."

"Ina ka je?"

Na ce, "Madina."

"Ka sauka lafiya?"

Na ce, "Na sauka."

Ya ce, "To madalla." Ya tashi ya ɗauki buta ya tafi alwala. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, ji na yi da ma ƙasa ta tsage in shige.

Ba mu da bakin kama masu awaki, tunda mai gari bai yi shela ba. Kafin shela dabba ba ta da laifi, laifin na mai tsaro ne, kowa ya san haka. Sayen iri a kasuwa kuma a wannan shekarar ba zancen gidanmu ba ne. Mutum ɗaya ne a garin yake da gyaɗar da zai iya bayarwa, shi ne Baffa, ƙanin Baba, mai sayen hatsi yana kaiwa kasuwanni. Shekara da shekaru ba sa ga maciji da juna saboda wata rigimar iyakar gona, gaisuwar masallaci kawai ke haɗa su. Baffa mutum ne mai baki, in ya samu abin tsokana ba ya saki har sai ya tsufa a hannunsa.

Washegari bayan la'asar Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce min, "Ɗauko buhun nan ka biyo ni." Na bi shi a baya. Na tabbata zai tsayar da ni gaban mutane ya ce ga wanda ya yi, kuma na san na cancanta. Muka tarar da Baffa a ƙofar gidansa ƙarƙashin darbejiya, da dattawan unguwa kusan su takwas a kan tabarma. Cikinsu har da waɗanda ke kula da 'yar makarantar da mutanen gari suka gina, wadda a lokacin ake neman malamin da za a ɗauka, kuma an fara ambaton sunana.

Aka gaisa. Baba bai zauna a tabarma ba, ya tsuguna a gefe, shi da yake yayansa. Ya ce, "Na zo neman iri ne. Gyaɗata ta jiƙa, na shanya na tafi shuka, awaki suka shiga suka cinye."

Baffa ya karkace hula ya ce, "Yaya, kai? Kai ne awaki suka cinye wa iri? Ikon Allah! To ba kowa a gidan ne?"

Ina tsaye da buhu a hannu, taku ɗaya a bayan Baba. Ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma har gobe ina ganin wannan shirun nawa ne, ya bar min shi ne ko zan yi magana. Kalma uku ce kawai: ni ne, Baffa. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan dattawan makarantar nan, na tuna ana neman malamin da za a ba amanar yara. Na mayar da bakina na rufe, na sunkuyar da kai ina kallon buhu.

Baba ya ce, "Sakacina ne. Ban danne ƙyaure ba."

Baffa ya tuntsire da dariya har yana buga cinya. "Jama'a kun ji! Mu da muka cinye namu aƙalla cikinmu ya shiga. Shi Yaya tara wa awaki ya yi! Wata biyu yana gadin buhu, ashe walima yake shirya musu." Dattawa suka yi ta dariya, wasu suna rufe baki da hannun riga, wani yana cewa tsufa ne, tsufa ba ya sallama. Baba ma ya yi ɗan murmushi, yana kallon ƙasa. Baffa ya sa aka auno gyaɗa aka zuba a buhun da ke hannuna, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kyauta na ba ka, Yaya. Amma wannan karon a nemo mai gadi."

A hanyar komawa na ce, "Baba..." Bai juyo ba. Ya ce, "Riƙe bakin buhun da kyau, yana zuba." Iyakar abin da ya taɓa ce min a kan maganar ke nan har ya bar duniya.

Mun shuka gyaɗar Baffa, fara ce mai jinkiri, ba ta saba da gonarmu ba, ba ta yi wani abin kirki ba. 'Yar jar da na tsinto a laka Baba ya shuka ta a kuyya biyu a gefe, yawancinta ba ta fito ba, abin da ya fito kuma bai kai a ajiye ba. Irin kakana ya ƙare a hannuna. Aikin makarantar kuwa ni aka ba, har yau da shi nake ci da iyalina. Kwamfutar ban fasa ta ba, ban yi wata rantsuwa ba, kar in yi wa kaina kwalliya. Bayan sati biyu na sake kai ta caji. Sai dai duk lokacin da na hango titin Madina sai in ji ƙarar ƙyaure, daga baya batirin ya mutu gaba ɗaya, na tura ta ƙarƙashin gado.

Labarin awakin ya bi Baba. Aka daina cewa ban da gidan wane in ana zancen iri. Yara ma in ya wuce wani lokaci sukan yi kukan akuya daga bayan danga. Duk damina in an yi ruwan shuka sai wani ya ɗaga murya daga gonarsa ya ce, "Malam, an dai danne ƙyaure ko?" Sai ya ce, "An danne," ya ci gaba da sara. Sau da yawa ina gefensa ake faɗin haka. Kullum sai in ce gobe zan faɗa a majalisa, in an jima kaɗan, in na kama aikin sosai, in na yi aure. Shekara shida ina cewa gobe.

Ranar addu'ar uku da rasuwarsa muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Baffa ya tsufa, ya yi laushi, tun safe yake share hawaye. Can da aka ɗan natsu sai ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya. Mutum ne mai kula, ban taɓa ganin ya yi sakaci ba sai sau ɗaya." Ya fara ba da labarin awakin, yana kuka yana dariya, mutane suka ɗan saki jiki, aka yi ta murmushi ana cewa Allah sarki. Ya juyo gare ni ya dafa gwiwata ya ce, "Kai ma ai kana wurin, kai ka riƙe buhun. Ka tuna?"

Duk suka zubo min ido suna jira. Na ce, "Na tuna, Baffa." Kuma na yi dariya tare da su.